Yatsun Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin mai gyaran agogo ya yi a ɗan shagonsa na bakin tasha, gilashi manne a ido, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Rana tsaka ƙishirwa ta sako shi gaba. Ya sha ruwa, ya zaga bayi, ya dawo ya sake sha. A asibiti aka ce ciwon sukari ne. Ya haɗiyi ƙwayoyi, aka koma allura, sukarin ya ƙi sauka.

"Malam, tsakaninka da Allah," in ji matarsa, "ba alewa kake tsotsa a shago ba?"

"Ni da ko shayi lami nake sha?"

Abin da ya ɓoye mata shi ne yatsunsa sun yi kauri, ɗan hantsakin aikinsa yana ta suɓuce masa.

Ƙanwarsa ce ta gano bakin zaren, da ta zo ganin gida bayan shekara shida. Ta dube shi, ta dubi hotonsa da ke bangon falo.

"Yaya, wannan ba fuskarka ba ce. Dubi haɓarka, dubi hancinka!"

Washegari ta tasa shi gaba sai babban asibiti. Bayan gwajin jini da hoton kai, likita ta zaunar da shi.

"Baba, wani ɗan ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwarka, yana ta zubo sinadarin girma. Shi ya ƙara maka ƙashi, shi kuma ya sa jikinka ya toshe kunne ga insulin, wato maganin sukarin da ake maka allurarsa. Shi ya sa allurar ba ta ci."

Ta hanci aka yi masa tiyata, aka cire ƙarin. Cikin wata huɗu sukari ya kwanta, aka ajiye allura. Gida ya cika da murna. Shi kuwa tambaya ɗaya ce a bakinsa.

"Likita, yatsun fa?"

"Kumburin zai ragu, Baba. Ƙashi dai ba ya komawa."

Ya koma shago, ya riƙe gyaran manyan agogunan bango. Wata safiya wata malamar makaranta ta kawo ɗan agogon hannu na mahaifiyarta. Ya kara shi a kunne. Nan take ya san abin da ke damunsa, da ƙusar da zai fara kwancewa. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa.

"'Yata, kai shi shagon da ke bayan banki," ya ce. "Ki ce wa mai gyaran ya bi shi a hankali."

Ya bi ta da kallo har ta tsallaka titi.