Shahon Kudai Da Tantabarun Larai

Da aka rushe gidansu na unguwar Nakkasa, aka fasa dutsen da yake kai, Larai ba ta damu da kujeru ba. Tantabarun marigayi mijinta ta kwaso, ta kai su saman benen da suka kama haya a unguwar Kudai, cikin iyakar Harami. To, sai ga wani tsuntsu ya sa musu ido. Kullum da safe sai ya faɗo daga sama, gashi ya watse, ɗaya ta tafi.

Ɗanta Fahad ya zo da tarko.

"Halas, Umma, shirwa ce. Ita kam ko a cikin Harami an yarda a kashe ta."

"Ka ga wutsiyarta?"

"Wutsiya kuma? Tantabarun Baba ne ke ƙarewa."

Larai ta so a ce shirwar ce. Amma son abu bai taɓa halatta shi ba, kuma wanda ke zaune a ƙasar Harami, inda aka hana farauta, ba ya yanke hukunci da haushi. Ta shimfiɗa tabarma gindin tankin ruwa, ta zauna gadi, gwiwoyi na ciwo.

Da hantsi tsuntsun ya sauka kan bangon maƙwabta. Bayansa toka-toka, ƙeyarsa ja-ja, ga baƙin zane ya gangaro daga ido kamar kwalli ya zuba. Wutsiyar ba ta rabu biyu irin ta shirwa ba. Shaho ne, irin mai kwana a tsagin dutse, ba ya bin bola, tsuntsu yake ci, a sama yake kamawa. Ta bi shi da ido har wani lungu a bangon dogon bene. Macen na can, ta fi shi girma, tana yaga nama tana ba 'ya'ya farare kamar auduga. Ko sheƙa babu, a kan siminti aka ƙyanƙyashe su.

"Su ma an fasa musu dutsensu," in ji ta. "Mayar da tarkon. Ka sayo ragar waya."

"Sai mu kulle namu saboda ɓarawo?"

"Har 'ya'yan su tashi. Ko ba za ka iya hawo da ita ba, kai mai zuwa ɗaga ƙarfe?"

Fahad ya yi tsaki, ya sauka. Kafin la'asar yana riƙe da raga, ita tana ɗaurewa, tantabarun na ta kuka a ciki.