Silifa a Bakin Ramin Dutse

"Wales ɗin ma ai ramuka ne, Dinah. Ga rami nan a gabanki, ba biza, ba sanyi."

"Jethro, riƙe min hannu ka daina surutu."

Ya riƙe ta suka haura katangar da ta zube. Tsohon wurin fasa dutse ne can bayan unguwar Taman Melati, a ƙasar wajen da suke zaune, an daɗe da watsar da shi. Injin niƙa na tsaye ya yi tsatsa, ciyayi sun naɗe shi har wuya. Ɗakin ma'aikata ba rufi, wata bishiya ta tsiro a tsakiyarsa kamar ita ta gaji wurin.

Da niyya Jethro ya kawo ta. Wata jami'a a Wales ta ba ta gurbin karatu na shekara uku, kan yadda ake gyara tsofaffin ramukan dutsen allo da aka bari a tsaunukansu. Shi kuwa ya riga ya gaya wa iyayensa a Kafanchan cewa a Disamba za a yi bikinsu.

"Ki yi bincikenki a nan lah," ya ce, yana kwaikwayon maganar 'yan garin. "Da safe rami, da yamma shayi a shagon mamak, masu abincin bakin titi, ga miji kyakkyawa a gefe."

Ta yi dariya. Wallahi zuciyarta har ta soma karkata, don ba mai sa ta dariya irinsa.

Sai suka iso bakin ramin. Ruwa ya cika shi, kore shar, ko motsi babu. A kan wani falalen dutse ga silifa ƙwaya ɗaya, ta yaro, rana ta cinye launinta.

Dinah ta durƙusa. Haka suka tarar da ta ƙanenta Noah a Bukuru, a bakin tafkin da masu haƙar kuza suka tafi suka bari. Ba shinge, ba gargaɗi. Yana aji uku.

"Wataƙila mantawa yaron ya yi," Jethro ya ce a hankali.

"Haka Mama ta ce ranar."

Ya sake duban silifar.

"Ramukanmu har yau a buɗe suke, Jethro. Nan ma ga shi. Su can sun san yadda ake yi da su, ni kuma sai na koyo na kai gida."

"Ni fa?"

Ta miƙe, ta share ido, ta kama hannunsa da nata biyu.

"Ina sonka, Allah ya sani. Amma ka kira Babanka ka ce a ɗaga bikin. Satumba zan tafi Wales."