Alƙalamin Karan Dawa

A shekarar da idon Malam Abdussamad na Bakori ya fara yana, ƙaninsa Malam Manu ya zo daga Kafur ya ce a ba shi littattafan gidan ya tafi da su. Hujjarsa ba ta da tsawo: yayansa ba ya gani, ba shi da ɗa namiji, gara kuwa ba ta jiran kowa. Kowa ya san in littattafai suka bar zauren nan, manyan ɗaliban da ke ɗaukar karatu za su bi su, makarantar kakanni ta mutu ke nan. Malam Abdussamad ya roƙi a bari sai bayan kaka, ranar da ɗalibai za su dawo daga gonakinsu. In ya kasa karanta darasi a gabansu, Manu ya kwashe.

Shafa'atu, 'yarsa ta fari, tana bayan zana tana ji. Mijinta ya rasu bara, ta dawo gida da akwatinta da hannun rubutun da uban ya koya mata tun tana ƙarama. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Takarda ba ta samuwa sai fatake sun sauko daga Katsina, don haka ta sa masassaƙi ya yi mata manyan alluna shida, ta shafe su da farar ƙasa, ta juyi darasi da manyan baƙaƙe, da jan wasali da jelar harafi mai lanƙwasa kamar yadda aka saba.

Malam ya kai allon kusa da hancinsa, ya daɗe, ya ajiye. Ya ce yana ganin abu kamar kaji sun yi tono, amma ba ya haɗuwa.

Kwana uku tana ƙara girman rubutun, bai canza komai ba. Ran na huɗu tana tatar koko sai ta ɗaga ƙyallen tata ta dubi tsakar gida ta cikinsa. Turmi yana nan, igiyar shanya ta ɓace. Sai ta gane haka uban yake gani. Ta wanke ƙyallen, ta ɗaura a fuska, ta ɗauki allon. Duk inda alƙalami ya sirance babu shi. Jan wasali babu shi. Cikin haruffa masu ido ya cushe ya zama ɗigo.

Ta ajiye alƙalamin gamba. Ta je rumbu ta zaɓo karan dawa mai ƙwari, ta fere bakinsa a miƙe, faɗin ɗan ƙaramin yatsa. Ta dama tawada da kauri, ta ƙara ƙaro don kada ta zuba. Kowane harafi ta ba shi kauri ɗaya daga farkonsa har ƙarshe, ta datse jela, ta buɗe ciki, ta bar fili tsakanin kalma da kalma. Wasali ma baƙi ta yi shi. Abin da ta rubuta sai ta duba ta cikin ƙyalle. In bai fito ba ta wanke ta sake. Yatsunta suka yi kanta, matan gida suka riƙa cewa karatu ya taɓa ta, tana yawo da ƙyallen tata a fuska. 

Ranar da aka ɗiba, Malam Manu ya iso da jakuna biyu da mangaloli. An jingina allunan a bangon zaure inda hasken hantsi ke faɗowa. Manu ya tsaya ya dube su, ya tambaya ko wane magini ne ya yi wannan aiki, don shi bai taɓa ganin an rubuta ilimi da taɓarya ba.

Daga bayan zana Shafa'atu ta ce, "Ni ce, Baffa. Ba don idonka na yi ba."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Manu ya ce wa yayansa wannan ba hannun gidansu ba ne, mahaifinsu da ya gani da ya karya allon.

"Mahaifinmu ya mutu da idonsa," in ji Malam. "Matsa mini daga haske."

Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a layin farko. Ya karanta babin rabon gado a hankali, yana fassarawa, allo bayan allo. A na huɗu ya tsaya, ya nuna wani gurbi da yatsa, ya ce an tsallake kalma. Wani ɗalibi ya buɗe littafin ya duba, haka ne kuwa. Shafa'atu ta ji kunya ta rufe ta, sai kuma ta gane cewa wanda ke karatu da ka ba zai nuna gurbin da yatsa ba. Manu ma ya gane. Ya ci tuwon rana, ya yi sallama, aka ɗora wa jakunansa damin dawa biyu na zumunci.

Idon bai warke ba. Kullum da safe ta wanke alluna shida ta rubuta shida, kowace kaka ta ƙara faɗin bakin alƙalami. A shekara ta biyar allo guda kalma huɗu yake ɗauka, darasi ya koma layi biyu, sauran Malam ya cika da baki. Ɗalibai ba su ragu ba. Da Malam ya rasu, Manu ya zo gaisuwa ya kwana bakwai, bai ta da maganar littattafai ba, ita ma Shafa'atu ba ta ba shi mabuɗin ɗakin da suke ba.