Kanarin Laraba Ya Sha Gangamau

A shekarun da ake raɗe-raɗin za a karɓe wa garinmu sunan Abuja, aka turo sabon malamin daji, Sebastine, da littafin tsuntsaye mai hotuna a hammata. Kanari iri biyu ne a wajenmu, kamar wa da ƙane: rawaya da mai ruwan toka. Takardar da ya zo da ita ta ce mai tokar ya kusa ƙarewa, duk wanda ke keji a sake shi. Rawaya kuwa ba laifi. Wa ya bi su dawa ya ƙirga? Oho.

Laraba, wata tsohuwa a Maje, mai toka gare ta, shekara huɗu tana ba shi acca. Tun rasuwar mijinta, shi kaɗai ke buɗe baki a gidan ba don roƙo ba. Da ta ji ana bi gida-gida, sai ta jiƙa gangamau ta shafe tsuntsun tas, har baki.

Sebastine ya tsuguna gaban kejin, ya dubi hoto, ya dubi tsuntsu. Rawaya yana da baƙin zane a kumatu, wannan babu. Mai toka farin gindi gare shi, na wannan kamar kwaiduwa.

"Mama, wannan babu shi a littafi! Bature ma bai gani ba!"

"Rawaya ne, ɗana. Tsufa ya goge zanen."

Ina! Ranar ya rubuta wa manyansa a Minna cewa ya gano iri na uku, guda ɗaya tak ya rage. Bayan mako ya dawo da kwando, za a kai tsuntsun can.

Laraba ta ga dabara ta juye mata. Ta zuba ruwa a murfin kwano ta tura cikin keji. Tsuntsun da aka hana wanka kwana bakwai ya faɗa ciki yana fantsama. Ruwa ya koma ɗorawa, toka ta leƙo.

"Kai, Mama! Mai toka ne! Doka ta ce..."

"A sake shi. Buɗe masa, ɗana. In manyanka sun zo tambayar iri na uku, ni zan ba su labari, da murfin kwanon a hannuna."

Ya daɗe yana sosa ƙeya. Daga bisani ya zaro biro, ya ɗora takarda a gwiwa, ya rubuta cewa tsuntsun ya tsere ana gobe tafiya.

"Mama, kejin nan dai ki mai da shi bayan rumbu, kada kowa ya ga tsuntsun."