Katifar da Ta Tsaya a Ƙasan Bene

Injiniya ake ce masa, ko da yake awon filaye ne aikinsa. Shekara ashirin da bakwai yana ja wa mutane iyaka, kuma bai taɓa yarda da abin da ido ya gani ba sai tef ya tabbatar. Ko labule matarsa za ta saya, sai ya auna tagar sau biyu. Don haka da ciwon baya ya sa shi a gaba, likita ya ce ya canza katifa, kowa a gidan ya san aiki ya samu.

Sati uku ya yi yana bincike, har da sayen littafin rubutu na musamman. Ya gano iri biyu ne suka dace da shi: mai sifirin zalla, da mai haɗi, wadda sifirin ke ƙasa, soso a sama. Ya gano tauri ma hawa-hawa ne, daga ɗaya zuwa goma. Ya hau sikeli, ya sa matarsa ta hau. Ta ce in ya kuskura ya rubuta nauyinta a littafin nan, to ya nemi mai dafa masa abinci.

Ranar Asabar suka je shago. Injiniya ya cire takalmi, ya bi katifun ɗaya bayan ɗaya, kowacce minti goma sha biyar, agogo a hannu.

"Maman yara, zura hannunki ƙarƙashin ƙuguna. Ya shige?"

"Ya shige, Baban yara. Mutane fa suna kallonmu."

"Su kalla. Ba su za su kwanta a kai ba."

Ita dai ta zauna a kan wata mai haɗi, ta ce wannan ta yi mata. Mai shagon ya matso da fara'a.

"Uwar gida ta iya zaɓe, ranka ya daɗe. Wannan a naɗe muke kai ta cikin kwali, sai an buɗe ta kumbura."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau. "Abin da zai naɗu kamar tabarma, shi zai riƙe bayan mutum?"

Ya zaɓi mai sifirin zalla, tauri mataki na bakwai, babba, mai ƙarfe zagaye da bakinta. Mai shagon ya rantse ko giwa ta zauna a kai ba ta lanƙwasawa. Wannan maganar ce ta kwantar wa Injiniya da hankali.

Da safiyar Litinin 'yan dako biyu suka kawo ta. A hawa na biyu iyalin suke, kuma matakalar gidan tana da wata matsattsiyar kwana, ga rufi ƙasa-ƙasa. Nan katifa ta tsaya. Aka juya ta a tsaye, aka kwantar da ita, aka karkata ta. Ledar jikinta ta yage a bango. Mai shagon bai yi ƙarya ba: ko gezau ba ta yi ba.

Injiniya ya auna gado, ya auna ɗaki, ya auna ƙofar ɗaki. Matakalar da yake hawa kullum shekara goma sha ɗaya ce kawai bai auna ba. Ya zaro tef a gaban 'yan dakon, gumi na bin wuyansa. Katifar ta fi kwanar da inci huɗu.

Matarsa ta leƙo daga sama. "Da kun buɗe ta, ko za ta kumbura ta hau da kanta."

Injiniya ya zaro waya. Ya kira mai shago, aka ce kayan da leda ta yage ba ya komawa.

A ƙasan benen akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, tela ce da ta ajiye keke saboda ciwon baya, ba ta tafiya sai da sanda. Ta ga halin da ake ciki, ta ce, "Ku jingine ta a ɗakina, ɗana, kafin ka yi shawara."

Shawarar ita ce mai walda ya yanke ƙarfen baranda, a ja katifa da igiya. Amma sai mai gidan hayar ya amince, shi kuwa ya yi tafiya. Kwana biyu suka zama sati biyu. Injiniya yana ta juyi a kan tsohuwar katifarsa mai rami a tsakiya.

Ranar da izini ya zo, ya sauka a hankali, yana dafa bango, don ya sanar da Gwaggo. Ya same ta tana shara a ƙofa, a miƙe sarai, babu sanda.

"Ɗana! Allah ya yi maka albarka. Rabon da in tashi babu ciwo irin na kwanakin nan, tun mijina na da rai."

Ashe katifar ta taɓa zamewa daga bango, ta kusa danne ta, sai ta sa maƙwabta suka ɗora mata a gado don kada a yi ɓarna. Abin da ke kan gado kuwa, ai kwanciya ake yi a kansa. Tata tsohuwar ma ta ba masu kwasar shara.

Injiniya ya buɗe baki. Gwaggo ta ɗaga hannu biyu ta shiga yi masa addu'a, shi da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba. Duk inda ya so sa magana, sai ya ji kansa yana cewa amin.

Ya hau sama. Matarsa ta ce, "Ƙarfe nawa mai walda zai zo?"

"Ki ce masa ya bari."

Ta koma kicin da sauri, ya ji tana tarin da bai yi kama da tari ba.

Kafin wata ya ƙare, Gwaggo ta baza labari cewa Injiniya ya fi likita sanin baya. Maƙwabta suka riƙa hawowa neman shawara, shi kuma yana ba su daga kan kujera, da naɗaɗɗen tawul tokare da bayansa mai ciwo.

Wata ranar Asabar suka haɗu a ƙofa, ta dawo daga kasuwa da ƙafarta.

"Ɗana, abu ɗaya ne ya rage. Filon nan nawa bai dace da ita ba, wuyana yake riƙewa. Tunda kai ka san kanta."

Injiniya ya gyara tabarau. Sannan ya tambaye ta ko a rigingine take kwanciya ko a gefe.