Tsatsa a Gindin Ƙarfen Sabis

Ƙarfen sabis ɗin yana kwance a kan bukkar Mang Eusebio, ya raba ta gida biyu. Kwana huɗu ke nan da guguwa ta ratsa tsibirin Catanduanes na ƙasar Filifin. Consolacion Abrenica, wadda ake kira Sol, ta durƙusa a gindinsa, ta taɓa notin da ya karye. Ya marmashe a yatsunta kamar busasshen ƙanzo.

Aikinta ke nan a kamfanin waya, ta zagaya ƙarafan nan ta rubuta duk abin da ka iya jawo asara. Bara ta tsaya a wurin nan, Mang Eusebio mai gadi yana riƙe mata lema, ta rubuta cewa gishirin teku ya cinye notuka shida, a sauya su kafin lokacin guguwa. Ofishin Manila ya amsa da kalma biyu: sai baɗi.

Da safen nan shugabanta, Villaflor, ya kira ta.

"Sol, mutumin inshora yana hanya. Guguwa ce, ikon Allah ne. In kalmar sakaci ta fito ba za su biya ba, ni da ke kuma mu nemi wani aikin."

"Rai fa aka rasa, yallaɓai, ran Mang Eusebio."

"Na sani. Ni na hura iskar?"

Mutumin inshorar, Lacsamana, ya iso da fararen takalman roba. Ta miƙa masa rahotonta na bara. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke shi, ya mayar mata.

"Madam, ban ga wannan ba."

"Yanzu fa ka gama karantawa!"

"Duk ƙarafan kamfaninku a hannunmu suke. Mu ɓata da ku a kan noti shida? In takardar nan ta shiga ofis, lauyoyi ne za su yi ƙiba. Gara mu biya ƙarfe ɗaya kowa ya huta."

"Matar mai gadin fa?"

"Ɗan kwangila ne, babu sunansa a yarjejeniya."

Ya zagaya ta can saman ƙarfen inda fenti bai kwaile ba, ya ɗauki hotunansa. Sol ta tsaya da takarda a hannu. Ta shirya wa kora, ta shirya wa kotu, amma ba ta taɓa zaton za a rasa mai karɓar maganar ba.

Cikin mako uku sabon ƙarfe ya tashi. Ita kuma aka aika da gaisuwar kamfani wurin Aling Perpetua, matar marigayin, wadda ta koma gidan ƙanwarta. Ta same ta a bakin ƙofa tana tsefe zaren abaka, irin ayabar da ake tufka igiya da ita. Ta ajiye buhun shinkafa da gwangwanayen kifi, sannan ta miƙa sabuwar waya mai kira kyauta na shekara guda.

Tsohuwar ta juya wayar gaba da baya.

"Sabis ya dawo?"

"Ya dawo, Inna. Har ya fi na da ƙarfi."

"To madalla." Ta ɗora ta a kan buhun. "Wa zan kira, 'yata?"

Sol ta buɗe baki, sai tata wayar ta yi ƙara. Saƙon Villaflor ne: a turo hoton miƙa kaya kafin ƙarfe huɗu, a tabbata tsohuwar tana murmushi.