Rabon Ido da Rabon Fim

Lyall Trevaskis ya daɗe yana ɗaukar labaran majigi a Sydney, kuma ba abin da bai ɗauka ba, tun daga sukuwar dawaki har gobarar daji. Matarsa Merle kaɗai ce ta gagare shi, don da ta ga kyamara sai ta kare fuska da tsumman goge kwano. Ranar da kogin garinsu ya yi ambaliya yana birni wajen aiki. Ruwan ya tafi da Merle, ya tafi da gidan da 'yan hotunan da ke ciki.

Shekara ba ta zagayo ba fuskarta ta fara ɓace masa. Yana tuna muryarta da tafiyarta, amma in ya nemi fuskar sai ta ƙi zuwa. Wannan ya fi mutuwar kanta ci masa rai, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa.

Ana haka kamfani ya sayo sabuwar kyamara daga Jamus. A tsofaffin, ta wata 'yar taga a gefe ake leƙawa, sai mutum ya yanke wa gwamna kai a hoto bai sani ba. Ita sabuwar madubi ne ke juyawa a cikinta, ya miƙa wa ido haske, ya kauce ya bar wa fim, da saurin da sai dai ka ga hoton yana ɗan ƙyafce.

A bakin teku ya fara gwada ta, ranar faretin masu ceton 'yan ninkaya. Yana danna maɓalli ya hango wata mata a bayan layi, sanye da koriyar kwat a wannan uban zafi, ta ba shi baya, kafaɗar hagu ta ɗan saɓule. Ya san kafaɗar nan, ta Merle ce. Ya kashe kyamara ya ɗago kai, bai ga komai a inda take tsaye ba sai rairayi. Ya sake kunnawa, ga ta nan tsaye.

Ya kai fim ɗin wurin Clarrie Dunstan, tsohon da ke wanke musu fina-finai, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in akwai kofin shayi a kai. Suka haska a bango. Ƙartai ne kawai suke ta maci da tutoci.

"Wai me kake nema ne?" in ji Clarrie. "Ka ƙura ido kamar an sace maka doki."

"Akwai wata mata a bayansu. Da idona na gan ta."

"To ai shi ke nan, mutumina. In ka gani, ba ka ɗauka ba. Wannan 'yar Jamus ɗin raba daidai take yi. Lokacin da madubi ya ba ka, fim yana cikin duhu, lokacin da fim ya samu, kai ne makaho. Jiya wani ya zo yana kurin ya ɗauko walƙiya, wai da idonsa ya gan ta, na ce masa je ka sha ruwa."

Lyall bai yi dariya ba.

Daga nan duk inda aka tura shi tana can, a kasuwar ulu, a tashar jirgin ruwa, kullum ta ba shi baya, kullum kuma ta ƙara matsowa. Tsoro yake ji, amma gari na wayewa shi ne na farko wajen ɗaukar kyamarar. Abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne: in ta juyo ya gani da ido, zai sake mantawa kamar yadda ya manta da farko. Shi a fim yake son ta, inda ba ta gogewa.

Wata Asabar da hantsi, a filin sukuwa, ta tsaya dab da shi har yana ganin zaren da ya warware a wuyan kwat ɗin. Kanta ya soma juyowa. Ya ga kunne, ya ga gefen kunci. Maganar Clarrie ta faɗo masa. Sai ya cije, ya janye idonsa daga ramin leƙawa, ya bar kyamarar tana gudu, yana kallon ƙasa yana kuka, mutane na ihun dawaki ta ko'ina.

Da yamma Clarrie ya haska. Dawaki suka taso, sai farin hazo ya cinye hoton tas.

"Kai, Lyall! Cire ido ka yi kyamara tana tafiya?"

"Don fim ya samu."

"Haba, sai ka ce ba tsohon hannu ba! Wannan ba irin ta da ba ce. Idonka ne murfin ramin. Kana janyewa rana ta bi ta nan ta ƙone komai."

Lyall ya matsa jikin bango. A tsakiyar farin akwai wata inuwa mai kama da kai, ta juyo sosai tana fuskantarsa, amma inda fuska take haske ne zalla.

"Ta juyo ke nan," ya ce a hankali. "Ta dube ni, ni kuwa ina kallon takalmina."

Ranar Litinin ya koma filin, ba kowa sai masu shara. Ya manna ido ya danna maɓalli, bai ɗago ba har batir ya mutu. Kujeru kawai ya gani.